Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin walwala ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a nan Jalingo)

 



Da sakatare ya same ni a rumfa ya ce ni zan yi magana a kan sha'anin biki, sai na ce masa ya yi ɓatan kai, ga malamai nan birjik. Ya ce ai ba wa'azi ake nema ba, wanda ya sha wuya ake nema. To, in dai wannan ne na cancanta. Na aurar da 'ya'ya mata uku a garin nan, na yi wa ɗa namiji ɗaya aure, ban kuwa san adadin bukukuwan da aka ɗora mini riƙon jaka ba. Karatuna bai wuce na Islamiyya ba, saboda haka duk inda na kauce a abin da ya shafi shari'a, malamai su gyara mini, ba zan ji haushi ba.

Maganata a kan ƙananan abubuwa ce. Tela bai gama ɗinki ba, mota ta lalace a hanya, goro ya ƙare, ruwa ya sauko, an manta da wata takarda a gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka auna shi, bai kai a tashi hankali ba, awa ɗaya ko biyu an warware. Amma abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan shi ne, a cikin wannan awa ɗayar ne mutum ke faɗar maganar da za a shekara goma ana tuna masa. An gyara mota ta wuce, maganar tana nan zaune a zuciyar surukai. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin tun ranar ba ta zo ba.

Mu kuma mazauna nan abin ya fi shafarmu, zan faɗi dalili. Wasunmu iyayensu ne suka zo tun garin yana ƙarƙashin Gongola, wasu ma tun kafin nan. Da yawanmu kuwa bayan 1991 muka zo, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, rana ɗaya da Jigawa da Kebbi da Yobe, Jalingo ta zama babban birni, kasuwa ta buɗe. Amma dai dangi suna can Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Sakkwato, wasu har Maraɗi. A gida in za a yi biki, akwai gwaggo da inna da kaka a tsakar gida tun ana saura mako biyu, kowacce ta san aikinta ba sai an gaya mata ba. A nan fa? Dangi sai ana gobe suke isowa, a gajiye, ba su san inda ake sayen ko da allura ba. Maƙwabta sun san gari ciki da waje, amma suna jin nauyin tsoma baki a sha'anin da ba a sa su ba. Tsakanin baƙon da ke da iko bai san gari ba da maƙwabcin da ya san gari ba shi da iko, a nan kaya ke zubewa.

Bari in fara da kaina. Lokacin auren 'yata ta fari, bisa al'ada yayana ne zai ba da ita. An sa ɗaurin aure ƙarfe 11 na safiyar Asabar. Shi kuma saboda harkokinsa bai taso daga Kano ba sai ranar Juma'a da yamma. Kun san hanyar, Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, sannan nan. Tafiyar yini guda ce cur in an samu lafiyar mota da ta hanya. To, motarsu ta samu matsala cikin dare bayan sun wuce Gombe, wayarsa kuma ta mutu. Ƙarfe 11 ta yi, masallaci ya cika, dangin ango sun zauna, ba waliyyi. Aka jira har 12 ta gota, rana ta take, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Liman ya kira ni gefe ya ce, Alhaji, ai kai ne uba, a shari'a kai ne waliyyin, yayanka wakilci ka ba shi, zauna a ɗaura. Na zauna aka ɗaura. Ana shafa fatiha ba da jimawa ba sai ga shi ya sauko daga mota, ƙura har gira. Wani ƙanen mahaifiyar yarinyar, da nufin raha, ya ce masa ai an gama, sai ka zo cin goro. Jama'a, wannan 'yar maganar ta sa yayana ya shekara biyu bai taka gidana ba. Sai a wata ta'aziyya dattawa suka sasanta mu.

Laifin wa? Nawa ne. Da tun ana saura mako na ce masa, Yaya, in hanya ta riƙe ka wa ka yarda ya zauna a madadinka, da shi da bakinsa zai ambaci mutum, kuma da ya iso zai ji cewa umarninsa aka bi. Tambaya ce ta minti ɗaya, kunya ta hana ni yi. Tun daga ranar na sa wa kaina doka. Duk wanda aure ba zai ɗauru ba sai da shi, to ya kwana biyu a Jalingo kafin ranar, in ya so ni zan biya kuɗin motar. Masu zuwa ta wajen Wukari ma haka. Kun dai ga abin da ya faru a 2024 da ruwa ya cinye gadar Namnai, mutane suka koma jiran jirgin fito da motocinsu. Wanda ya yi lissafin awa uku a wannan hanya ya yini.

Wannan ya kawo ni ga abin da muka karanta a Risala tun muna yara. Abin da aure ke tsayuwa a kansa kaɗan ne. Waliyyi, sadaki, shaidu biyu adilai, sai kuma siga, wato a nema a bayar a karɓa. Duk sauran, daga anko har rumfa har mai hoto, ado ne. Ina roƙon duk mai biki ya ware waɗannan daban a takarda, ya tabbatar da su da kansa daren da ake gobe. In waɗannan sun cika, ko guguwa ta ɗauke rumfa aure ya ɗauru.

Sadaki kuwa akwai magana a kansa. Mafi ƙarancinsa a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne, wato abin da ya ɗan ɗara giram ɗaya na zinariya. Farashin zinariya ba ya zama wuri ɗaya, Naira kuma kun san halin da ta shiga tun 2023. Sai a yanke sadaki lokacin sa rana, wata shida ko takwas su wuce, a zo masallaci liman ya ce wannan kuɗin bai kai ba yanzu. Na ga an yi haka ido da ido, abokan ango suna laluben aljihu a gaban jama'a. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato takan fitar da lissafin nisabi da mafi ƙarancin sadaki, malamanmu kuma suna samunsa a waya. A tambayi liman ana saura kwana uku, shi ke nan.

Kuma a riƙe kuɗin a hannu. Kowa a nan ya tuna watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta zama kamar zinariya, mu 'yan kasuwa muka yini a rumfa ba ciniki. A wani ɗaurin aure da na halarta a lokacin, wakilin ango ya ce zai tura ta waya. Ya tura, kuɗi suka fita daga wajensa, ba su shiga wajen waliyyi ba. Liman ya yi bayani cewa ya halatta a ambaci sadaki a ɗaura, a biya daga baya zuwa wani lokaci sananne. Magana ta kusa mutuwa, sai wani daga dangin amarya ya ɗaga murya ya ce su ba sa ba da 'ya bashi. An ɗaura dai, kuɗin ma sun shiga kafin la'asar, amma har yau in mutanen gidan angon suna zancen surukansu, da masu ba da 'ya bashi suke kiransu. Yanzu kuɗi sun wadata a hannu, amma sabis na waya bai daina yanke wa mutum ƙauna ba. A cire sadaki tun ranar Alhamis, a ƙirga a gaban mutum biyu, a sa a ambulan, a rubuta adadi a bayansa.

Sai sunaye. A manyan masallatanmu, musamman bayan Juma'a, akan ɗaura aure biyar ko shida a zama ɗaya. A'isha uku, Fatima biyu, ango kuma kowa Muhammadu ne ko Abubakar. A rubuta sunan ango da na mahaifinsa, da na amarya da na mahaifinta, da sadaki, da manyan baƙaƙe, kofi biyu. Ɗaya ga liman, ɗaya ga sanƙira. Kuma sunan yanka za a rubuta. Na taɓa ganin kawun da aka tambaya sunan amarya ya ce Ummi, aka ce sunanta na gaskiya fa, ya tsaya yana waige-waige. Shekara ashirin yana kiranta Ummi, bai taɓa tambaya ba. Takardar gwajin asibiti ma ta kwana cikin wannan ambulan. A Kano tun 2024 doka ce sai an yi gwajin kafin aure, a nan ma akwai limaman da ba sa ɗaurawa sai sun gani. Kar a bar ta a aljihun wata rigar da aka kai wanki.

Maganar tela ba zan tsawaita ba, don akwai teloli a cikinmu kuma ina son in fita lafiya. Abin da na sani shi ne, in bikinka ranar 20 ne, ka ce wa tela ranar 10 ne. Kar kuma ka kai ɗinkin biki ana saura wata ɗaya Sallah, don ka shiga layin da ba naka ba. Ango ya ajiye wata babbar riga wankakkiya a guge, ko tsohuwa ce. Ba wanda zai tambaye shi rasit a masallaci.

Yanzu sai sama. 'Yan'uwanmu na Arewa suna sa rana da lissafin daminarsu, wadda ba ta kankama sai wajen Yuni. A nan kuwa tun Afrilu hadari ke haɗowa, kuma ruwan farko da iska yake zuwa, irin wadda ke nannaɗe rumfa ta jefa gidan maƙwabci. Ruwa bai ɗaukewa sai Oktoba. Agusta da Satumba kuwa ba a wasa da su a garin nan. Waɗanda suke nan a watan Agustan 2005 ba za su manta da ranar da gadar Nukkai ta karye da mutane a kanta ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Saboda haka in dangi sun kafe sai an yi biki da damina, to a nemi zaure ko ajin makarantar Islamiyya mafi kusa tun da wuri, a karɓi mabuɗi a riƙe. A sayi leda babba ta rufe kaya. Kayan ɗakin amarya kuwa a yi jere ana saura kwana biyu, kar a ɗora katifa a kan a-kori-kura ranar biki hadari na tsaye a gabas. In kuma gidan amarya yana hayin Mayo-Gwoi ko wani lungun da ruwa ke yankewa, a aika yaro ya dubo hanya kafin motoci su tashi.

In kuma bazara ce, Maris zuwa Afrilu, abokin gaba zafi ne. Shinkafar da aka sauke da asuba aka rufe a kula, kafin la'asar ta fara yami. Kunun aya ya fi kowa saurin juyawa, in ba ƙanƙara awa kaɗan ya isa. Gara a raba girki biyu, na safe da na yamma. Kuma iyayenmu mata, don Allah a ware kula guda a kulle a ɗaki, a ba mutum ɗaya mabuɗi. Ta baƙin nesa ce. Babu abin kunya kamar mutum ya taso daga Katsina ya iso bayan isha'i a ce masa abinci ya ƙare, alhali yaran unguwa sun ci sun yi guzuri. Goro da alewa da dabino ma haka, a ɓoye kashi ɗaya cikin biyar, kar a fito da shi sai an ga ƙasan tire.

Wuta kuwa kowa ya san ba a dogara da ita. A tayar da janareta ana gobe a ji lafiyarsa, a sayi mai a ajiye nesa da murhu. Amma ga wani gargaɗi wanda ya wuce ƙaramin abu. Kar a shigar da janareta zaure ko ɗaki don gudun ruwa ko ɓarawo. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci, kuma daren biki gida cike yake da baƙi kwance ko'ina.

Abin da ya shafi cikin gida, na tambayi uwargidana kafin in zo, don kar in yi kasassaɓa. Ta ce in gaya muku abu na farko, a ba amarya abinci. Kowa na hidimar ciyar da jama'a, ita kuwa tun safe tana hannun masu kwalliya, ga kuka, ga lulluɓi, ga zafi, sai a ji ta yanke jiki ta faɗi, a fara cewa aljanu ne ko sammu, a fara kallon dangin kishiyar uwa. Alhali yunwa ce. Ta kuma ce baƙin lallen nan da ake haɗawa da maganin rina gashi yana tayar wa wasu ƙuraje har fata ta kumbura, saboda haka a gwada kaɗan a hannu tun ana saura kwanaki. Sannan alwanka ta riƙe 'yar jaka da ba ta rabuwa da ita, da allura da zare, da fil, da reza sabuwa, da maganin ciwon kai, da mayafi na biyu, da silifa. Ni kuma na ƙara da nawa. Tsofaffinmu masu hawan jini da ciwon suga sukan baro maganinsu a gida saboda ɗokin tafiya. Wanda zai ɗauko su ya tambaya tun kafin mota ta tashi. Yara ƙanana da aka zo da su daga nesa kuwa, a rubuta lambar waya a sa musu a aljihu, don yaron da bai san unguwa ba lungu biyu ya isa ya ɓata.

Wurin da ƙaramin abu ya fi saurin zama babba shi ne ɗaukar amarya. A nan ba na sassautawa. Samari su karɓi aron mota, a cika ta fiye da ƙima, a hau titi ana tsere ana ƙaho, Keke Napep na kutsawa ta ko'ina. Dattijo ɗaya ya shiga motar gaba, kuma kowane direba ya ji daga bakinsa cewa ba mai wuce shi. A kai amarya da sauran haske. A kuma tabbata mabuɗin gidan yana hannun wanda ke cikin tawagar. Mun taɓa tsayawa da amarya a ƙofar gida kusan awa guda, mata na ta guɗa har suka gaji, mabuɗi yana aljihun babban abokin ango, shi kuma ya tafi kasuwa neman kaza. Kuɗin sayen baki ma a daidaita tsakanin abokan ango da ƙawayen amarya tun da rana, cikin raha, don na ga inda cinikin ya koma zagi.

Kar mu manta a cikin mutane muke zaune. Maƙwabtanmu akwai Fulani, akwai Mumuye, akwai mutanen Kona, akwai Musulmi akwai Kirista. In za ka kafa rumfa a kan layi, ka je ka gaya wa mai unguwa, ka bi gida-gida ka yi sallama da ɗan goronka. Wanda aka sanar da shi, shi zai buɗe maka ƙofarsa baƙinka su fake wa ruwa. Wanda ya wayi gari ya ga an toshe masa hanyar fita da mota, ko ranar Lahadi yana shirin zuwa coci, ba za ka ji daɗin bakinsa ba, kuma ba sunanka zai kira ba, Hausawa zai ce. In kuwa auren da wata ƙabila ake ƙullawa, yadda yanzu ya yawaita a tsakanin 'ya'yanmu, a zauna da dattawansu tun da wuri a tambaye su al'adunsu ɗaya bayan ɗaya, me ake kawowa, wa ake fara gaisarwa. A samu mai jin Fulatanci ko yaren gidan ya zauna kusa da wakili.

To, duk wannan lissafi wa zai riƙe shi? Ba uban amarya ba, ba uwarta ba. Ranar biki su biyun ba su da hankalin kansu, ga gaisuwa, ga kuka, ga masu neman a sallame su. A nemi mutum ɗaya a waje, mace ɗaya a cikin gida, masu sanyin rai, waɗanda suka san gari, a gabatar da su ga dangin da suka zo daga nesa a ce duk abin da ya taso ga wanda za a nema. Faɗar nan a gaban kowa ita ce ke ba maƙwabci ikon da na ce ba shi da shi. A damƙa masa kuɗi a hannu. Mu a kasuwa mun san ba a zuba jari duka a kaya, sai an bar na ko-ta-kwana. Ni abin da nake yi, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hidima nake warewa, ƙananan takardu, kuma ban taɓa ganin ya dawo cikakke ba. Ya riƙe lambar makanike, da mai gyaran janareta, da direba guda na ajiya, wayarsa kuma cike da caji. Babban aikinsa dai, in abu ya ɓaci ya gyara shiru. In an ga wani kawu ya fara ɗaga murya, ya kama hannunsa ya ja shi gefe ya ba shi ruwan sanyi, kafin maganar ta fito.

Malam Shugaba, a nan nake da roƙo ga ƙungiya. Muna da kujeru da tabarmi da manyan tukwane, amma ba mu da littafin da ke nuna wa ya ɗauka, yaushe zai dawo da su. Watan jiya gida biyu suka zo ɗaukar kujeru rana ɗaya, kowa ya ce shi aka yi wa alkawari. Ina ba da shawara a sayi littafi a ajiye wurin ma'aji, duk mai biki ya rubuta ranarsa da zarar an sa ta. Na biyu, a samu mutum uku ko huɗu a kowace unguwa, Sabon Gari da Sintali da Magami da Mile Six da sauransu, waɗanda suka yarda a riƙa kiransu riƙon jaka. Ni na sa sunana na farko. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, duk mai niyya ya rubuta sunansa da unguwarsa kafin ya fita.

Allah Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, Ya kawo baƙinmu lafiya Ya mai da su lafiya.